Karnukan Kiwo 'Yan Ƙanana: Yadda Ake Renonsu da Kai Su Gasa a Amurka

A gonakin yammacin Amurka akwai wani kare da tsayinsa bai kai gwiwar babban mutum ba, nauyinsa kuma da wuya ya haura kilo 18. In ka tarar da shi kwance a gindin kujera sai ka ɗauka na ado ne kawai, saboda laushin gashinsa da ƙyallin idonsa. Amma a buɗe masa ƙofar shinge, a nuna masa tumaki ashirin da suka watsu, nan take za ka ga ya sauya. Zai kwasa da gudu ya zagaya ta bayansu, ya haɗa kansu, ya riƙa kai da komo dama da hagu har sai ya koro su inda ubangidansa yake tsaye. Wadda ta yi taurin kai ya tare ta da haushi ɗaya, in ta ƙi ji ya kai mata baki a ƙafa ba tare da ya fasa fata ba. Sunansa a takarda Miniature American Shepherd, wato ƙaramin karen kiwo na Amurka. Nagartattun cikinsu kuwa ba daga manyan kamfanoni suke fitowa ba. A bayan gidajen mutane ake renonsu, inda za ka tarar da mace ɗaya, ko mata da miji, suna riƙe da karnuka biyar ko shida, ana samun haihuwa ɗaya ko biyu a shekara.

Na san a wajenmu kare ba dabbar da ake jawowa jiki ba ce, kuma wani zai ce ina ruwan Bahaushe da gasar karnukan Turawa. Ni dai na tashi a gidan da ake kiwon tumaki, kuma duk abin da ya shafi zaɓen iri da gyaran garke yana ɗaukar hankalina. Shari'a ma ta ba da izinin ajiye kare don farauta, da gadin dabbobi, da gadin gona, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan cinikinsa. Abin da ya sa na ga ya dace a yi wannan bayani shi ne irin tsantseni da haƙurin da waɗannan ƙananan masu kiwo suke sa wa aikinsu. Ga kuma wani dalili na kusa: irin waɗannan karnuka masu dogon gashi sun fara shigowa gidajen masu hali a manyan biranenmu, kuma akwai abubuwan da rashin saninsu kan kashe su.

Asalin wannan kare wani babban ɗan'uwansa ne da ake kira Australian Shepherd. Duk da sunan Ostareliya da yake ɗauke da shi, a yammacin Amurka aka samar da shi, a hannun makiyayan tumaki da shanu na jihohi irin su Kalifoniya da Kolorado. Namijinsa kan kai inci 20 zuwa 23 daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ya yi suna a shekarun 1950 ta hanyar wasannin dawaki na kaboyi, inda wani ɗan wasa mai suna Jay Sisler yake nuna irin dabarun da karnukansa suka iya, jama'a suna mamaki. A 1957 aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa. To a cikin kowace haihuwa akan sami wanda ya fito ƙarami fiye da 'yan'uwansa. Mahaya dawaki masu yawo daga wannan gari zuwa wancan suka lura cewa ƙaramin ya fi daɗin tafiya a mota, ba ya cin wuri, kuma kaifin ƙwaƙwalwarsa bai ragu ba. A 1968 wata mata mai suna Doris Cordova, a garin Norco na Kalifoniya, ta fara haɗa ƙanana da ƙanana da gangan. Zuwa 1980 an fara yi musu rajista da sunan ƙaramin Australian Shepherd.

Daga nan rigima ta tashi, kuma ta daɗe. Masu babban karen suka ce su iri ɗaya suka sani, ba su yarda a raba shi babba da ƙarami ba. Sai da masu ƙaramin suka haƙura suka sauya masa suna, sannan babbar ƙungiyar rajistar karnuka ta Amurka, AKC, wadda aka kafa tun 1884, ta karɓe shi a matsayin iri mai cin gashin kansa a 2015. Ta kuma gindaya masa ma'auni: namiji inci 14 zuwa 18, mace inci 13 zuwa 17. Launi huɗu ne kacal aka yarda da su, baƙi, da ja, da dabbare-dabbare mai ruwan toka da baƙi, da dabbare-dabbare mai ja.

Ba shi kaɗai ne ƙarami a dangin karnukan kiwo ba. Akwai Shetland Sheepdog na tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotilan, inda ƙarancin ciyawa da tsananin sanyi suka sa dawaki da tumakin wurin duk ƙanana ne. Akwai kuma Corgi na yankin Wales mai gajerun ƙafafu, wanda aikinsa na asali korar shanu ne ta hanyar kai musu baki a ƙafar baya, in saniya ta kai harbi sai ya kwanta kofaton ya wuce ta samansa. Sarauniya Elizabeth ta biyu ce ta sa duniya ta san shi, domin ta riƙe fiye da talatin a rayuwarta, tun daga wadda aka ba ta a 1944 da ta cika shekara 18. Amma bari mu tsaya a kan na Amurka, domin a kansa ne matsalolin sana'ar suka fi fitowa fili.

Aikin mai ƙaramin gidan kiwo yakan fara ne shekara biyu kafin a ga kwikwiyo ko ɗaya. Karya takan shiga lokacin barbara kamar sau biyu a shekara, kuma tun ba ta cika shekara ba za ta iya ɗaukar ciki, amma mai hankali ba ya bari. Yana jira ta cika wata 24, domin sai a lokacin ne hukumar duba ƙasusuwan dabbobi ta OFA, wadda take aiki tun 1966, take ba da hukuncin ƙarshe a kan hoton ƙugunta. Abin da ake dubawa shi ne ko kan ƙashin cinya ya zauna daram a cikin gurbinsa. In bai zauna ba, kare zai fara ɗingishi tun yana da sauran ƙuruciya, kuma zai gadar wa 'ya'yansa. Sai likitan ido ya duba ta, ana maimaitawa duk shekara. Sai a goga ɗan auduga a cikin kumatunta a aika ɗakin gwaji, a binciki ƙwayoyin gadonta: ko tana ɗauke da cutar da ke cinye gani a hankali har kare ya makance, ko tana ɗauke da yanar ido ta gado. Kafin barbara kuma akan gwada jinin namiji da macen saboda wata cuta dangin bakkale da makiyayanmu suka sani a shanu, mai sa ɓari da rashin haihuwa.

A nan ne ake gane mai kiwo na gaskiya. Sau da yawa karyar da ya rena tun tana jaririya, ya kashe mata kuɗi, ta ci masa gasa, ita ce sakamako zai dawo ya nuna ƙugunta ba shi da kyau. Ba wanda zai kama shi in ya rufe ido ya yi barbarar, domin 'yan kwikwiyon za su fito kyawawa, masu saye kuma suna layi. Nagari sai ya kai ta a yi mata aikin hana haihuwa, ya bar ta a gida ko ya ba wani iyali da zai riƙe ta da kyau, ya soma daga farko. Wannan asara ce ta gaske, kuma ina ganin ita ce ma'aunin mutum a wannan sana'a, fiye da yawan kofunan da ya jera a falonsa.

Babbar jarrabawa ta biyu launi ce. Masu saye sun fi son dabbare-dabbare, musamman in ya zo da shuɗin ido, kuma sun fi biyan kuɗi a kansa. Ƙwayar gado ɗaya ce take kawo wannan launi, tana dusashe baƙi ko ja a wasu sassan jiki ta bar wasu. Kare mai kwafi ɗaya na ƙwayar lafiyarsa ƙalau. Amma in aka haɗa dabbare-dabbare da dabbare-dabbare, kowane kwikwiyo yana da kashi 25 cikin ɗari na gado kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Irin wannan yakan fito kusan fari fat, gwanin sha'awa a hoto, amma sau da yawa kurma ne, ko makaho, ko duka biyun, wani ma da ƙananan idanu da ba su gama halitta ba. Dalili kuwa shi ne ƙwayoyin da ke ba fata launi suna da aiki a cikin kunne da ido, in sun yi ƙaranci sai ji da gani su tafi tare da su. Saboda haka ƙa'idar ita ce a haɗa mai dabbare da mai launi ɗaya, ko da rabin 'ya'yan za su fito baƙaƙe ko jajaye waɗanda kasuwarsu ba ta kai ba. Ƙungiyar rajistar karnuka ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1873, ta daina karɓar 'ya'yan irin waccan barbara tun 2013. Abin da ya ƙara wa lamarin wuya shi ne akwai karen da yake ɗauke da ƙwayar amma dabbaren bai fito a gashinsa ba sai ɗan tabo a kunne ko a wutsiya. Ido ba ya isa a nan, sai gwaji.

Wutsiya ma tana da nata labarin. Wasu daga cikin waɗannan karnuka da guntuwar wutsiya ake haihuwarsu, gado ne. Sauran kuma a Amurka an saba yanke musu ita cikin kwanakin farko, bisa hujjar cewa saniya kan taka ta ko ƙaya ta maƙale a gashinta. Ƙasashen Turai da dama sun hana wannan yanka, kuma a Ingila dokar kare haƙƙin dabbobi ta 2006 ta hana shi sai ga wasu karnukan aiki. Ni ina tare da masu hanawa, domin karen da rayuwarsa duka tsakanin tsakar gida da filin gasa take, ban ga saniyar da za ta taka shi ba. Wanda kuma ya ce zai kauce wa yanka ta hanyar haɗa mai guntuwar wutsiya da irinsa, shi ma akwai abin da ke jiransa: ɗan tayin da ya gaji kwafi biyu yawanci a ciki yake mutuwa.

Sai matsalar magani, wadda ita ce ta fi shafar mu kai tsaye. Likitocin dabbobi a Turai da Amurka sun daɗe da lura cewa karnukan kiwo masu fararen ƙafafu sukan faɗi su suma, wasu su mutu, bayan an ba su wasu magungunan da sauran karnuka suke sha lafiya. Har ya zama gargaɗi a tsakaninsu cewa in ka ga farar ƙafa ka janye hannunka. Sai a 2001 ne masu bincike a Jami'ar Jihar Washington, ƙarƙashin Dakta Katrina Mealey, suka gano sababin. A jikin dabba akwai wani sinadari mai aikin gadi a tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, yana fitar da wasu magunguna waje kada su taru a cikinta. Ƙwayar gadon da ke samar da shi ana kiranta MDR1. A yawancin karnukan kiwo na irin Collie da kusan rabin Australian Shepherd wannan ƙwaya tana da naƙasu, ƙananan kuwa sun gaje ta daga manyan. Maganin da ya fi yin ɓarna shi ne ivermectin, wanda duk mai kiwon tumaki ko shanu a ƙasar Hausa ya san kwalbarsa, domin shi ake yi wa dabbobi allurarsa saboda tsutsar ciki da ƙazuwa da kaska. Ɗan ƙaramin awon da ake sawa a ƙwayar rigakafin tsutsar zuciya ta karnuka ba ya cutarwa. Amma awon da ake ɗiba daga kwalbar shanu don maganin ƙazuwa yana iya sa kare mai wannan naƙasu ya fara dalalar da miyau, ya yi tangaɗi, jikinsa ya kama rawa, ganinsa ya ɗauke, ya suma. An sha samun waɗanda suka kamu don kawai sun ci kashin doki ko na tunkiyar da aka ba maganin. Maganin gudawa na mutane da ake kira loperamide shi ma yana cikin masu haɗari gare su. Mai kiwo nagari yakan miƙa wa mai saye takardar wannan gwaji tare da kwikwiyon, ya ce ya nuna wa duk likitan da zai taɓa shi.

In duk gwaje-gwaje sun yi kyau, sai a nemi namiji. Ƙaramin gida ba kasafai yake amfani da nasa ba, saboda gudun auren dangi da ke tattara cututtukan gado wuri guda. Mai karya yakan zauna da takardun nasaba na kaka da kakanni, yana duba me zuriyar wancan namijin ta saba haifarwa, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. In karyarsa tana da ɗan tsoro, zai nemi namiji mai natsuwa. In kafaɗarta ta miƙe da yawa, zai nemi wanda tasa ta kwanta. Wani lokaci namijin yana wata jiha mai nisa, sai a yi doguwar tafiya da ita a mota, ko a aiko da maniyyinsa cikin sanyi likita ya yi dashen. Ana gwada jininta a kai a kai don a gane ranar da ta fi dacewa.

Cikin karya kamar kwana 63 ne. Wajen wata guda akan yi hoton ciki a tabbatar, a makon ƙarshe kuma a yi hoton ƙashi a ƙirga kawuna, don in haihuwa ta tsaya a san ko akwai saura. Alamar da aka fi dogara da ita zafin jiki ce: in ya sauka ƙasa da yadda aka saba, haihuwa ba za ta wuce yini guda ba. Akan tanadi akwati mai faɗi a cikin ɗaki, da ɗan katako a kewaye ta ciki, yadda in uwa ta juya ba za ta danne jariri a jikin bango ba. 'Yan kwikwiyo suna zuwa duniya ido a rufe, kunne a toshe, ba sa iya riƙe ɗumin jikinsu, don haka sanyi kaɗan sai ya kashe su. Mai gida yakan shimfiɗa katifarsa a gefen akwatin na tsawon makonni. Kullum sai ya ɗora kowanne a sikeli ya rubuta, domin wanda nauyinsa ya tsaya shi ne ake ture wa daga nono. Wajen kwana goma zuwa sha huɗu idanu suke buɗewa.

Daga mako na uku har zuwa wajen na goma sha biyu shi ne lokacin da halin kare yake kafuwa, kuma a nan ƙaramin gida ya fi babban kamfani nesa ba kusa ba. Kwikwiyon da ya tashi a falo yana jin ƙarar tukunya, da kukan yara, da ƙarar mota, ana ɗaukarsa ana duba kunnensa da faratansa, zai girma ba ya firgita. Wanda ya tashi a keji cikin rumbu bai taɓa ganin baƙo ba, zai girma da tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo. Wannan iri dama yana da ɗari-ɗari da baƙi a jininsa, don haka in aka yi sakaci a waɗannan makonni gyaran yana da wuya. Akan fara allurar rigakafi daga mako shida zuwa takwas, saboda cutar gudawar jini ta 'yan kwikwiyo da sauran masu kisa, ta ciwon haukan kare kuma ta biyo baya. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako takwas.

Sayarwar ma ba irin ta kasuwa ba ce, a biya a ɗauka. Mai kiwo ne yake yi wa mai saye tambayoyi: gidanka da fili? Wa zai zauna da shi in ka tafi aiki? Ka taɓa riƙe karen kiwo? Dalilin tambayar shi ne wannan kare, duk da ƙanƙantarsa, ƙwaƙwalwar aiki gare shi. In ba a ba shi abin yi ba zai nemo wa kansa, ya riƙa tattara yaran gida yana kai musu baki a dunduniya, ko ya bi keke, ko ya tone lambu. Yawanci akan rattaba hannu a yarjejeniya cewa in mai saye ya gaza, ko bayan shekara nawa ne, ya dawo da karen gidan da aka haife shi. A cikin haihuwa guda, ɗaya ko biyu ne kawai ake ganin sun cancanci gasa da ci gaban zuriya. Sauran akan sayar da su da rajistar da ba ta ba da damar yi wa 'ya'yansu rajista ba.

Gasar karnuka kuwa tsohon abu ne a wajen Turawa. An yi ta farko ta zamani a Newcastle ta Ingila a 1859. Ta Westminster a birnin New York tana gudana tun 1877, ta Crufts kuma, wadda yanzu ake yi a Birmingham, tun 1891. Amma ƙaramin mai kiwo ba a waɗannan yake ƙare ƙarshen makonsa ba, a ƙananan gasanni ne na filayen baje kolin gundumomi, inda yake isa da asuba da tebur ɗin gyara, da burushi, da na'urar busar da gashi a bayan mota. Mutane da yawa suna zaton mafi kyau ake zaɓa. A ƙa'ida ba haka ba ne. Kowane iri yana da rubutacciyar siffa, alƙali kuma yana auna kowane kare ne da wannan siffa. Duk wanda ya taɓa ganin dillali a kara yana duba rago, ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya shafa gadon bayansa, ya sa a ja shi ya ga takunsa, to ya ga rabin aikin alƙalin nan. Yana cusa hannu ƙarƙashin gashi don ya ji ainihin ƙashi, domin gwanin gyara yana iya ɓoye aibi da almakashi. Yana duba yadda haƙoran sama suka hau na ƙasa. Sannan ya sa a yi sassarfa da karen, a tafi a dawo, a kuma zagaya fili, ya ga ko ƙafafu suna tafiya a miƙe ba tare da ɓarnar ƙarfi ba, tunda kare ne da ya kamata ya yini yana bin garke. In ya yi shakkar tsayi sai ya sa a kawo ƙarfen awo a ɗora a kafaɗa. Wanda ya haura ko ya gaza an fitar da shi, kome kyansa.

Maza suna karawa da maza, mata da mata, daga wata shida da haihuwa zuwa sama. Namiji ɗaya da mace ɗaya ne kawai a kowane iri suke samun maki a rana, daga ɗaya zuwa biyar, gwargwadon yawan waɗanda suka kayar. Kafin AKC ta kira kare zakara sai ya tara maki 15, a ciki har da manyan nasarori biyu masu maki uku ko fiye a hannun alƙalai daban-daban. Wanda ya zama gwanin irinsa a ranar sai ya shiga zagayen rukunin karnukan kiwo, wanda AKC ta ware a 1983, daga nan gwanayen rukunai bakwai su kara a fitar da ɗaya. Masu kuɗi sukan ɗauki ƙwararrun masu nuna kare haya, waɗanda sana'arsu ke nan. Ƙaramin mai kiwo da kansa yake riƙe igiya, kuma akwai aji na musamman na wanda shi ya haifar da karen a gidansa, shi ne mai shi, shi ne kuma yake nuna shi. Nasara a wannan aji ta fi kowace daɗi a wajensu. Abin da ake komawa da shi gida yawanci ƙyallen yabo ne, wanda bai kai kuɗin man da aka ƙona ba.

Ina da ƙorafi a kan wannan gasa, kuma masu kiwo da yawa suna da shi. Alƙali yana ganin kare na minti biyu ne a kan ciyawar da aka gyara. Ba ya ganin ƙugu a hoto, ba ya ganin ƙwayar gado, ba ya ganin ko karen ya san tunkiya. In aka bar ido shi kaɗai yana zaɓe tsara bayan tsara, gashi zai yi ta ƙaruwa, aiki ya yi ta raguwa. Shi ya sa na fi girmama gidan da yake kai karnukansa gasar kiwo ta zahiri, irin wadda aka yi a garin Bala na Wales a 1873. A wannan gasa akan saki tumaki, ko shanu, ko agwagi, a ce kare ya bi da su ta ƙofofi ya shigar da su garka cikin ƙayyadadden lokaci, ubangidansa yana ba shi umarni da murya ko da fito. Akwai kuma gasar tsalle-tsalle da ratsa rami da hawa katako, wadda aka fara nunawa a Crufts a 1978, kuma waɗannan ƙananan suna cikin gwanayenta. Karen da ya ci a filin siffa ya kuma ci a filin tumaki, shi ne ya cika sunansa.

Farin jinin da irin ya samu ya jawo masa 'yan kasuwa. Akwai masu tara karnuka mata da yawa a keji suna haifar da su ba hutu, suna tallata 'ya'yan a intanet da hotuna masu kyau. Akwai masu ƙara ƙanƙantar da shi ƙasa da ma'auni, har ya koma abin ɗauka a jaka, ta hanyar zaɓen raunana ko cakuɗa shi da wasu ƙananan irin da ba su san kiwo ba. AKC ba ta san da wannan girman ba. Hukumomi sun yi ƙoƙarin taka burki. A Amurka wanda yake da mata masu haihuwa fiye da huɗu, yana kuma sayarwa ba tare da mai saye ya ga dabbar ido da ido ba, sai ya sami lasisin ma'aikatar gona. A Ingila tun 2020 an hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a saya kai tsaye daga inda aka haife shi ko daga gidan ceton dabbobi. Ƙungiyar rajista ta Birtaniya kuma ba ta karɓar fiye da haihuwa huɗu daga karya ɗaya.

Yankinmu ma ya shiga waɗannan littattafan rajista. Siririn karen nan na Buzaye mai dogayen ƙafafu, wanda yake gadin rugage da farauta a kwarin Azawak tsakanin Nijar da Mali, AKC ta karɓe shi a 2019 da sunan wannan kwari, kuma yanzu ana jan sa a filayen gasar da na bayyana. Shi an halicce shi don zafinmu. Ƙaramin makiyayin Amurka kuwa gashi biyu gare shi, na sama da na ƙasa, kuma zafin watan Afrilu a Kano ko Maraɗi, da kaskar damina, ba ƙaramar wahala ba ce a gare shi.

Don haka duk wanda aka kawo wa irin wannan kwikwiyo, ko Collie, ko Shetland, ya nemi ganin uwarsa da takardun gwajin iyayensa, ya guji fari fat mai shuɗin ido kome araharsa, ya tanadar masa inuwa da ruwa da filin gudu, ya yi masa allurar haukan kare a kan lokaci. In ƙazuwa ko kaska ta kama shi, kada a ɗebo masa daga kwalbar allurar tumaki. A kai shi wajen likitan dabbobi, a kuma gaya wa likitan cewa karen kiwo ne kuma ba a gwada MDR1 ɗinsa ba.